Malama Asibi da Faifan Warangi

Kafin masu kabu-kabu su cika bakin tashar Yelwa, Malama Asibi Philip ta riga ta fito daga gida. Tafiyarta a hankali ce yanzu, don gwiwar hagu ta daɗe da daina yi mata biyayya. Jaka a kafaɗa, gorar ruwa a hannu, takan bi ta bayan kasuwa har ta isa wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ɗakin na wata kwaleji ce mai koyarwa ta intanet. Malaman kwalejin suna can wani gari mai nisa, ɗalibai ba sa ganinsu sai a fuskar waya. Nan ne aka ajiye 'yan kwamfutoci don yaran Yauri da Ngaski da Shanga su sami wurin karatu da rubuta jarrabawa, kuma Malama Asibi ce aka ɗauka ta riƙa yi musu jagora a darasin adabi.

In ta buɗe ƙofa sai ta yi shara. Ta ɗauki sanda mai tsumma a baki, ta goge kashin tsuntsaye daga kan farantin sola. Ta kunna kwamfuta ta fara sauke darussan ranar, tana lallashin netiwok kamar mai lallashin jaki a bakin gada. Sannan ta zauna, ta kurɓi ruwa, ta buɗe littafin da ake nazari a zangon, ta kara waya a baki ta fara karantawa a bayyane. Babi guda take karantawa kullum, ta tura wa ɗalibai muryar. Babu wanda ya sa ta wannan. Ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Wara wurin ɗanta. Ni mai saye da sayar da kifi ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba da rubutu irin wannan ba. Amma na ga in na yi shiru, matar nan za ta rufe ƙofa ta tafi kamar wadda ba ta taɓa zama a garin ba.

Ta shafe shekaru tana koyar da adabi a makarantun sakandare kafin ta karɓi wannan ɗaki. Ta taɓa cewa a aji na gaske tana ganin fuskar yaro, ta san lokacin da ya ɓata. A karatun waya kuwa, yaro yakan ɓata shi kaɗai a ɗaki, ba mai sani sai ranar da sakamako ya fito. Ana turo masa littafi sukutum da Turanci, rubutu ƙanana a waya, a ce ya karanta ya faɗi ra'ayinsa. Da yawa daga cikin yaranmu ba a taɓa tambayarsu ra'ayi a kan wani littafi ba tun da aka haife su.

Abin da ta lura da shi, ta kuma gina aikinta a kai, shi ne kowane kai da ƙofarsa. Akwai Daniel, ma'aikacin ɗakin shan magani daga ɓangaren Shanga. Shi labari ba ya zama masa sai ya zana shi. Yakan cika allo da gidaje da hanyoyi da kibiyoyi, wane ya auri wance, wane ya ci amanar wane. Malama ta ba shi bango guda ta ce ya yi ta fama. Akwai kuma Yasira, wadda ba ta gane abu sai ta yi gardama a kansa. Ita kam Malama takan faɗi abin da ta san ba daidai ba ne da gangan, ta koma gefe tana jira. Yasira ta miƙe tana tafa hannu: "Haba Malama, wallahi ba haka marubucin ya ce ba!" Ta buɗe shafi don ta kayar da malamarta, ba ta san karatun ke nan take yi ba.

Ɗiyata Hussaina ce ta gagara.

Yarinyar tana son ta zama malamar makaranta. Amma tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar kwana ta Birnin Yauri a 2021, na kasa yarda ɗiyata ta kwana inda ba na jin tarinta. Iyaye da yawa a ƙasar nan sun san abin da nake faɗa. Shi ya sa da aka ce akwai kwalejin da ake yi daga gida, muka riƙe ta hannu biyu. Sauran darussa Hussaina tana ci. Adabi kuwa ta faɗi, ta sake, ta sake faɗuwa. Dokar kwalejin ita ce wanda ya faɗi darasi guda sau uku, an sallame shi. Saura mata dama ɗaya. In ta kuɓuce, babu wata makarantar da za ta shiga ba tare da ta bar gari ba, ni kuma na san ba zan iya sakinta ba.

A gidanmu magani ɗaya muka sani ga mai karatu: natsuwa. Haka aka koya mana tun muna yara. Mai neman ilimi ya zauna wuri ɗaya, ya harɗe ƙafa, ya ajiye hannu, ya tattara hankali. Yaron da ke wasa da yatsu malami na magana, bulala ce rabonsa. Don haka aka ɗauke wa Hussaina duk wani aiki. Mahaifiyarta Safiya ta hana ta ko wanke cokali. Inna, wadda ta haife ni, ta zama mai gadin ƙofa, tana korar ƙannenta da muciya. Aka ba ta ɗaki ita kaɗai, da tabarma da waya. Takan zauna tun safe har azahar, ta fito idanu jawur, in an tambaye ta abin da ta karanta sai ta ce, "Baba, ina cikin shafin, sai in ga ba na ciki."

Malama ta gwada mata zane irin na Daniel, bai yi ba. Ta gwada jan ta da gardama, Hussaina sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Malama." Ta zaunar da ita a gaba ta karanta mata, yarinyar ta natsu tsit kamar gunki, hannuwa a cinya, aka gama babi ba ta riƙe ko sunan mutum ɗaya ba. Daga baya Hussaina ta daina zuwa ɗakin gaba ɗaya.

Da wata malamar ce, da ta ce yarinya ba ta da kai, ta shafa wa kanta lafiya. Malama Asibi kabu-kabu ta hau, da ciwon gwiwarta, ta tambayi gidanmu har ta same shi.

Ranar kuwa ta zo a bai-bai. An kawo mini warangi da yawa daga bakin tafki, wato 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana. Shanyar ƙasa aka yi musu, sun kwaso yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Dole a tsince su a ɗure a buhu kafin ruwa ya sauko. Duk wani hannu da ke gidan aka kira, har da maƙwabta, har da Hussaina da aka daɗe da hana ta taɓa faifai. Don kada a ce ta bar karatu, sai ta kifa kwano ta ɗora waya a kai, ta kunna muryar Malama.

Malama ta yi sallama ba wanda ya ji. Ta tsaya a bakin zaure tana jin muryarta na tashi daga kan kwano, a tsakiyar mata da faya-fayai. Littafin labarin wani direban motar haya ne da idonsa ya fara mutuwa, ya ɓoye wa kowa, ya ci gaba da ɗaukar fasinja. Hussaina takan tsayar da muryar ta juya musu da Hausa, yatsunta ba su daina tsinta ba.

Inna ta ce, "Wanga mutum mugu ne. Allah shi tsare mu da hawa motarshi."

Wata maƙwabciya, Zulaihatu, ta ce, "Inna, in ya faɗi gaskiya mi ɗiyanshi za su ci? Ke dai kin ƙi jinin direbobi tun da sunka bar ki a Koko."

"Sunka bar ni? Ni na sauka don raina!"

Aka kwashe da dariya. Sai Hussaina ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ku lura fa, matarshi ta sani. Tun ranar da ta aje mishi shayi a hagu ya miƙa hannu dama. Ba ta ce komai ba, sai ta riƙa aje komai a dama. Su biyu ke ɓoyon, ba shi kaɗai ba."

A nan ne Malama ta ƙaraso. Aka yi ta kunya ana neman kujera, ta ce a bari. Ta zauna kan turmi da ƙyar, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta ce a miƙo mata faifai ita ma. Hussaina ta yi sauri ta janye hannu ta ɗora a cinya.

Malama ta ce, "A'a, ci gaba da tsintarki. Tambaya ɗaya zan yi miki. Mi ya sa marubucin bai gaya mana idon mutumin ya lalace ba sai da littafi ya yi rabi?"

Hannun yarinyar ya koma cikin faifai da kansa. Ta fitar da tsakuwa, ta fitar da wata, ta ce, "Don mu ma mu hau motar, Malama. Da ya faɗa tun farko, da muna tsaye a bakin hanya muna kallo. Sai da muka yi nisa da shi sannan ya gaya mana."

Safiya ta ce Malama ta daɗe tana kallon yatsun yarinyar, ba fuskarta ba. Ta yi ta jero tambayoyi, Hussaina na amsawa, har aka ɗaure buhu na ƙarshe ruwa ya fara ɗigowa.

Ina dawowa daga kasuwa na same ta a zaure tana jiran ruwa ya tsagaita. Bayan mun gaisa ta ce, "Baban Hussaina, roƙo na zo yi. Ku mayar wa yarinyar nan da aikinta."

Na ce, "Malama, ai don ta natsu muka ɗauke mata."

Ta ce, "Na sani. Ni ma shekara da shekaru ina dukan yara a kan su ajiye hannu. Amma ita natsuwarta a hannu take. In hannun ya tsaya, kan sai ya tafi yawo. Tun tana ƙarama a bakin faifai take jin labari, ko ba haka ba, Inna?"

Inna, da ke laɓe a bayan ƙofa, ta leƙo. "Haka ne. Amma wancan tatsuniya ce. Wanga karatun boko ne, da kwamfuta. A ce ɗiya tana karatun kwaleji tana warin kifi?"

Malama ta ce, "Inna, warin kifi sabulu na fitar da shi. Takardar sallama fa, mi ke wanke ta?"

Washegari Inna da kanta ta auno warangi a ƙwarya ta miƙa wa jikarta.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya zama sauƙi. Malama ta fitar da benci waje, ƙarƙashin rumfar ɗakin, don ba a shiga wurin kwamfuta da kifi. Nan Hussaina ke zama da faifanta. Ɗalibai suka sa mata suna Hajiya Warangi. Kuliyoyin kasuwa suka gane wurin. Masu wucewa sukan tsaya su tambayi nawa ne mudu. Wani dattijo ma ya tare Malama a hanya ya ce ta mayar da makaranta rumfar 'yan kifi, in ta gaji ta ba masu jini a jika wuri. Ta gaya mini maganar ta yi mata zafi, don gajiyar gaskiya ce.

Kuma ba ta yarda kunne kaɗai ya yi aikin ba. Ta ce jarrabawa ba ta san murya ba, rubutu ta sani. Sai ta sa Hussaina ta jingina waya a jikin kwano, ido na bin layi hannu na tsinta. In an gama babi ta ce, "Tashi ki wanke hannu, ki rubuta mini abin da kika gaya wa Inna jiya, amma da Turanci." Rubutun farko ya fito a karkace. Ta gyara, ta mayar, ta sake gyarawa. Wasu ranaku netiwok ya ɗauke, aikin da aka sha wuya a kai ya ƙi tafiya har lokacin turawa ya wuce. Wasu ranaku gwiwa ta hana ta fitowa, sai ta aiko a ce yarinyar ta same ta a gida. Na taɓa raka ta. Na tarar da Malama kwance a kan tabarma, ƙafa a kan matashi, tana sauraron Hussaina ido a rufe. Na ɗauka barci take, sai na ji ta ce, "Koma baya. Wannan ra'ayin Zulaihatu ne, naki nake so."

Da jarrabawa ta matso sai wata damuwar ta taso. Ɗakin jarrabawa ba a shiga da komai, balle faifai. Mai sa ido daga kwalejin ake turo shi, bai san Hussaina ba, bai san warangi ba. Yarinyar ta fara ramewa. Ni ma abinci ya daina yi mini daɗi. Na je na sami Malama na ce ko za ta roƙa a yi wa yarinyar sassauci.

Ta ce, "Ba zan roƙa ba, kuma ko na roƙa ba za a yi ba. Doka ce, kuma tana da dalili." Ta juya wurin Hussaina. "Ajiye faifan. Ɗora hannun hagu a cinya. To, tsince."

"Malama, babu komai a wurin."

"Yatsunki ba su sani ba. Tsince."

Haka suka yi ta yi har ranar ta zo: hannun dama a kan kwamfuta, na hagu yana tsintar warangin da babu a kan zane. Hussaina ta ce a cikin jarrabawar mai sa ido ya zo ya tsaya a kanta. Ya duba cinyarta, ya duba ƙarƙashin tebur, ya ce ta buɗe tafin hannu. Bai ga komai ba. Ya ce, "'Yammata, lafiya kuwa? Ko ƙaiƙayi ke damunki?" Ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, haka nake tunani." Ya girgiza kai ya wuce.

Jiran sakamako ya fi jarrabawar wuya. A makon jiya ya fito. Ta ci. Ba ci na a buga ganga ba ne, matsakaici ne, amma sunanta na nan a kwalejin, kuma a gidan ubanta za ta kwana.

Ban tsaya ko rufe rumfa da kyau ba, na nufi gidan Malama. Na same ta tana ɗaure littattafai a kwali. Na faɗa mata. Ta zauna a bakin gado a hankali, ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce, "Mun gode Allah." Na fara jero godiya, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Akwai wani yaro, Ya'u, daga wani ƙauye a bakin ruwa wajen Ngaski. Jirgi yake hawa ya zo. Shi ma yau ya ga nashi, ya faɗi na biyu. Na gwada mishi kunne, na gwada zane, na gwada gardama, har faifan na ba shi. Ban gano tashi ƙofar ba, Baban Hussaina. Yaron yana da kai, na rantse. Ni ce lokaci ya ƙure mini."

Na je da murnata, na fito da nauyin yaron da ban taɓa gani ba.

Malama Asibi, ke ce randar bakin hanya, wadda ba ta tambayar mai ƙishi daga wane gida ya fito. Ke Kirista, mu Musulmi, ba ki taɓa sa mun tuna da haka ba sai in lokacin salla ya yi ki ce wa yara su tashi. Ke ce kika zauna a kan turmi da ciwon ƙafa, kika kalli abin da mu da muka haifi yarinya muke gani kullum ba mu gane ba. Ba ki taɓa ce mana mun yi wauta ba. Kin gaji, mun gani a tafiyarki, mun ji a muryarki da ta dushe. Ki je ki huta. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa na mutane. Ni da Safiya da Inna mun gode, godiyar da ba mu da abin da za mu haɗa da ita.

Sauran maganata ga mutanen ƙasar nan ce. Iyaye, in yaronku ya kasa karatun waya, kafin ku ce ba shi da kai, ku dube shi a lokacin da yake fahimtar abu ba tare da an sa shi ba. Ku ga mene ne hannunsa da bakinsa da ƙafarsa ke yi a lokacin. Ku kuma tsofaffin malamai da ke zaune a Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga, na san kun gaji, na san ba a kyauta muku ba. Amma har yau ba mu ji wanda zai karɓi ɗakin nan ba, kuma sabon zango na tafe. Ko yini ɗaya a mako ne, wani ya zo ya zauna. Ba kwamfuta ake so ku iya ba, yara sun iya. Ido ake so, da haƙurin kallon yaro har a gane shi.

Ya'u ya ce zai dawo. Dama ɗaya ta rage masa, kuma uban wani ne ke jiransa a bakin ruwa.